Hutun da Baba Ya Hana Ni

Tun da na dawo daga bakin teku ban ƙara shan shayi da zafinsa ba. Da na zauna a teburin mai shayi na bakin tashar Bodinga sai wani ya jawo benci: "Baba Arzika, ƙaƙa teku?" In na je masallaci a tare ni wurin takalma. Har malamin asibitin nan da aka turo mana daga Gwadabawa, na miƙa masa hannu ya auna jinina, shi kuma yana tambayata ko da gaske ne ruwan ba shi da tsallake. To, na gaji. Na sa an sayo mini biro, zan rubuta sau ɗaya, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. Rubutun wanda ya tsaya aji huɗu ne, in kun ga kuskure ku gyara a zuci. Kuma in sauƙaƙa muku tun yanzu: in wawan labarin nan kuke nema, kada ku wahala, ni ne. Wawa mai furfura da carbi, tsohon masinjan ƙaramar hukuma.

Ba za ku gane tafiyar ba sai kun san Labbo.

Labbo ɗan gwaggona ne, ƙanwar babana. Wato taubashina: ni ɗan namiji, shi ɗan mace, saboda haka bisa ƙa'ida bawana ne, ko da yake har yau bai amsa ba. Ubansa ya rasu yana rarrafe, gwaggo ta yi wani aure can wajen Yabo, aka bar shi gidanmu a Lambara. Tabarmarmu ɗaya, akushinmu ɗaya, ajinmu ɗaya, bulalar malam ma tare muke sha. Abu ɗaya ya raba mu, shi ne hutun damina. Da an rufe makaranta, daidai lokacin da gero ya kai gwiwa ciyawa ta kai wuya, sai Baba ya kira Labbo, ya damƙa shi hannun wani bafatake mai kai shanu kudu, a tafi da shi gidan aminin Baba, wani mahauci da ke zaune a zangon wani ƙaramin gari bakin teku, gaba da Kwatano. Ni kuma a miƙo mini kalme a nuna mini gona.

Ku tsaya ku auna wannan. Ni ne ɗan gida. Ni ne ɗan fari. Amma bawana ake ɗorawa bisa mota, ni ina tsaye da kalme a kafaɗa ina kallon ƙurarsu. Kuma ba ya dawowa ranar da aka koma makaranta kamar 'ya'yan mutane, a'a, sai an fara gasa tumu. Sai ka gan shi ya sauko, ya yi baƙi sumul, da ƙullin busasshen kifi a ka, da baki cike da labari. Inna ta zuba kifin a miya, gida ya ɗauki ƙamshi, kowa na sa wa Labbo albarka. Ni ma ina ci, ba zan ɓoye ba, amma ina ci ina hararar sa.

Na taɓa tambayar Baba sau ɗaya, na ce ni yaushe za a kai ni. Ya ce, "Kai kana nan." Shi ke nan amsar. Na riƙe ta fiye da shekara sittin, ina juya ta, kuma kullum fassara ɗaya take ba ni: tsohon nan ya fi son ɗan ƙanwarsa da ɗan cikinsa.

Da abin ya tsaya a yarinta da na haƙura. Amma mun tsufa, mun dawo Bodinga gida na kallon gida, kuma Labbo bai rufe baki ba. A majalisarmu ta gindin dalbejiya, in na fara labarin shekarar da na kashe kumurci a gonar Horo Birni, kafin in kai ga kumurcin wani ya ce, "Malam Labbo, ba mu na teku." Har jikokina, jinina, da la'asar sai su tsallake tabarmata su tafi tasa. Yana gaya musu wai ruwa ne ba shi da ƙetare. Wai kullum yana ja da baya ya dawo, ba damina ba rani. Wai kifi can ba saye yara ke yi ba, duk wanda ya kama igiyar masunta ya ja, ko baƙo ne, ko ba a san ubansa ba, yana da rabo. Ni kuwa na san masuntanmu na gulbi, ƙayar kifi ba su ba ka kyauta.

Sai ga waya daga can, ɗan mahaucin nan na ƙarshe ya rasu, Labbo zai je ta'aziyya. Na ce zan raka shi. Mutane suka yi ta yaba zumuncina. Matata Kulu ce kaɗai ta dube ni ta ce, "Malam, kai da ko Jega ba ka zuwa sai an ja ka? Mi kaka nema?"

Na ce lada.

Ta ce, "Allah shi sa ladan ta gane ka."

Abin da nake nema, in kama Labbo da ƙarya a gaban tekun nasa, in dawo in kwance shi a majalisa, jikokina su dawo tabarmata. In kuma gaskiya ne, to aƙalla in ga abin da Baba ya ga ya fi ƙarfina.

Muka shiga mota bayan asuba. Kulu ta cika mini babbar gora da fura, domin na rantse ba zan ci abincin mutanen da ban san yankansu ba. Muka wuce Lambara, na ga tsohuwar gonarmu daga taga, na ce wa Labbo, "Ga tekuna can." Shagari, Tambuwal, Jega, duk gida ne, ba abin faɗi, sai dai wani ɗan kasuwar albasa da ya zauna mini bisa babbar riga tun daga Shagari, in na ja ya ce, "Yi haƙuri Baba," ya ƙara gyara zama a kanta. Daga Kamba muka gangara bakin Kwara, inda ake shiga jirgin ruwa a ƙetara. Da na ga faɗin kogin zuciyata ta yi sanyi, na ce a raina to ga tekun, yaro ne ya gani ya ƙara gishiri. Na ce, "Labbo, halan wanga na?"

Ya ce, "Wanga? Wanga ai alwalar teku ce."

Mai jirgin ya yi dariya, wata mata mai buhun barkono ta yi dariya, har wani rago da aka ɗaure kusa da ni ya dube ni.

A kan iyaka na yi abin da aka koya mini tun ina masinja. Na ga mai kaki zaune bayan tebur, na tuɓe takalmi, na durƙusa, na dunƙule hannu: "Ranka shi daɗe, Allah shi ja zamaninka, Allah shi ƙara girma." Mutumin ya tashi tsaye a firgice, ya zaci ciwo ne ya kama ni, ya kira wani ya kawo ruwa. Labbo kuwa ya zo tsaye ƙyam da takalminsa, ya jefa masa kalma biyu ta Faransanci ta hanci, ya miƙa takardunmu da katin allurar rigakafi, mai kakin ya washe baki ya buga hatimi. Ni da na yi shekaru ina ɗaukar fayil daga ofis zuwa ofis, bawana ne ya fitar da ni. Na tambaye shi me ya ce masa. Ya ce, "Cewa nay yi tsoho na, ba shi taɓa hita gari ba." Na canja kuɗina zuwa sefa, na ba da dami aka ba ni 'yan ganye, ban ma so a tuna mini.

Daga Malanbil muka shiga doguwar mota mai sanyi. A nan na fara lura ƙasar mutane ce. Burodinsu dogo ne kamar sandar makiyayi, a hammata ake riƙe shi, in ka gatsa ya yanke maka dasashi. Mata na tuƙa babur da goyo a baya da kwando a gaba, ba wanda ya ko waiwaya. In a Bodinga ne, da an tashi kasuwa don kallo. Ina ƙirga waɗannan abubuwa a matsayin aibu, Labbo kuwa sai lumshe ido yake yi kamar mai komawa ɗakin uwarsa.

Wajen Faraku furar Kulu ta ci amanata. Zafi ya dafa ta tun daga Kamba, ta kumbura a cikin gora ban sani ba. Na sa hannu in buɗe in ɗan kurɓa, murfin ya tashi kamar harsashi ya bugi rufin mota, fura ta bi shi. Ta sauka bisa hulata, bisa gemun Labbo, bisa kan wata mata mai kitson attachi da ke gabanmu. Matar ta juyo ta yi mini wa'azi da yaren da ban sani ba, amma na fahimci kowace kalma. Labbo ya ba ta haƙuri da yarenta, ta sauko, har ta miƙo masa soyayyar doya. Shi. Ni da furata ta zube ba a ba ni komai ba. Ya gutsura ya miƙo mini, na ce na ƙoshi. Da muka kai wani gari ana sayar da abarba, yunwa ta karya mini rantsuwa, na ci har da ɓawon kusa da ido.

Kwatano ba zan ce komai a kanta ba, domin idona a rufe na ratsa ta, a bayan wani ɗan acaɓa mai riga ruwan ɗorawa. Abin da na sani, tun kafin mu isa garin Labbo iska ta canja. Iska ce mai danshi, mai ƙarni, ka yi wanka ka fito kamar ba ka yi ba. Rigar da na wanke ta fura, har muka baro garin ba ta bushe ba.

Zangon Hausawa ne sosai, da masallacinsu da mai tsirensu, sai dai Hausarsu ta sha ruwan gishiri. Muna shiga gidan rasuwar wata tsohuwa mai ƙiba da ke zaune bakin murhun banda ta ɗaga kai, ta ƙura wa Labbo ido, ta saki kara ta dafe ƙirji.

"Wa nake gani? Ɗan-kuka! Ɗan-kuka ne, wallahi!"

Wannan ita ce Hajiya Laraba, babbar 'yar mahaucin, ta girme mu da kaɗan. Sunan nan da ta kira shi ya shige mini kunne kamar kiɗan kalangu. Na adana shi. Muka yi ta'aziyya, aka yi addu'a, aka ba mu ɗaki mai katifa ɗaya da sauro mai yawa. Aka kawo abinci: wani farin tuwo mai sanyi mai tsami a naɗe cikin ganye, da jan yaji, da miya. Na sa hannu a miya na ɗago wani abu mai ƙafafu da almakashi. Na yi salati na jefar.

Hajiya Laraba ta ce, "Ƙaguwa ce, Malam. Don girmanka aka sa."

Na ce a gafarce ni, a garinmu abin da ya yi kama da kunama takalmi ake sa masa, ba cokali ba. Labbo ya ɗauke ta daga tabarma, ya ɓalle ƙafa ya tsotse, yana kallona.

Da safe ya ce in zo. Muka bi ta cikin itatuwan kwakwa, ƙasa ta koma rairayi, ina jin wani ruri kamar manyan motoci na wucewa ba su ƙarewa. Muka hau wani ɗan tudu. To, jama'a, ga amsar tambayarku. Na duba gabas, na duba yamma, na sa hannu na kare ido na duba gaba. Babu tsallake. Na daɗe ina nema, ko itace ɗaya, ko hayaƙin wani ƙauye. Babu. Ruwa ya tafi har ya haɗu da sama, ya bar ni tsaye da baki buɗe.

Labbo ya ce, "Ƙaƙa?"

Na ce, "Hazo na. In ya washe a ga ƙetare."

Na ce bari in yi alwala, ruwa mai yawa haka ai ba shakka a tsarkinsa. Na tuɓe takalmina na Sallah, sau biyu na taɓa sa su, na ajiye can sama bisa busasshen rairayi, na ɗora hula a kai. Labbo ya ce in matsar da su baya, ruwa na zuwa. Na ce masa ni ɗan bakin gulbi ne, ruwa ba ya hawa tudu sai an yi ruwan sama, kuma ga gari garau. Na gangara na ɗebo na kurkure baki. Wanda bai taɓa tauna kanwa da gishiri da ƙarnin kifi a lokaci ɗaya ba, ba zan iya yi masa bayani ba. Ina cikin tofarwa wani ruwa ya taso ya buge ni a gwiwa, na zauna ba da niyya ba.

Ban gama tashi ba muka ji waƙa. Can gefe mutane ne jere a kan igiya, igiya mai kaurin damtse, ta fito daga cikin teku ta haye tudu an naɗe ta a gindin kwakwa. Tun da asuba jirgi ya kai taru can ciki, yanzu ake jawo shi. Akwai ƙarti majiya ƙarfi, akwai mata, akwai yara, akwai wani gurgu da ke ja daga zaune. Ba wanda ya kira kowa. Mutum na wucewa sai ya ajiye kayansa ya kama.

Ban ankara ba na ga Labbo ya naɗe riga ya ɗaure a ƙugu. Tsohon da a Bodinga sai an miƙa masa buta, ya shiga layi ya kama igiya, ya jingina baya, bakinsa ya kama waƙar tasu kamar jiya ya bari. Na ce a raina, yau ƙarya ta uku za ta fashe, bari in kama in ga wanda zai ba ni kifi.

A nan na yi kuskuren da ba mai yin sa sai mutumin ƙasarmu. Ni igiya ɗaya na sani, ta guga. Rijiyar Lambara gaba goma sha ce, kuma yadda ake jan guga shi ne hannu bisa hannu, da sauri, kafin ruwa ya tsiyaye. Na tofa yawu a tafi, na yi bisimilla, na fara fizga. Ashe su ba haka suke ja ba. Ba a jan teku da hannu. Riƙewa ake yi, a kwanta baya, a jira. In ruwa ya turo, mai waƙa ya ɗaga murya, kowa ya yi taku ɗaya da baya. In ruwa ya koma, a kafe ƙafa a bar shi ya yi fushinsa. Ni kuwa ina fizga daidai lokacin da teku ke komawa da kayansa. Igiya ta zare ta cikin tafina kamar an ja wuƙa, ta ɗebe ni ta kifa a rairayi, na bugi ƙafar matar da ke gabana, ita ma ta zauna a kaina. Waƙa ta tsaya. Aka yi dariyar da ban taɓa jin irinta ba, har gurgun nan ya saki igiya yana dukan ƙasa.

Labbo bai yi dariya ba, wannan ya fi ba ni haushi. Ya ɗaga ni, ya sa ni gabansa, ya ce, "Kak ka ja. Riƙe kawai, ka saurari ƙahwata." Haka muka yi, bawana na ba ni umarni, har rana ta take tsaka. Bayana ya ƙage, tafina ya sale, cikina na kuka. Na ce, "Labbo, wanga aiki kullum aka yin shi?" Ya ce kullum, sai ranar da masunta ke hutu. Na ce, "Kai kuma kana yaro kana kallo?" Ya ce, "Riƙe igiya, Arzika."

Da taru ya fito, kifi na tsalle kamar an watsa azurfa, masu jirgi suka ware nasu, matan da ke saye suka cika kwanoni. Sannan wani dattijo mai tsumma a ka ya bi layi yana zuba wa kowa ɗan tsibi a gabansa. Ya zo kaina. Bai san sunana ba, bai san garinmu ba, ya ga da idonsa ɓarnar da na yi. Ya zuba mini daidai na kowa, har ya ƙara mini ɗaya yana dariya, yana kwaikwayon yadda nake fizga.

Na tsaya da kifi a shafin riga. Ƙarya ta uku ta zama gaskiya. Na juya in ɗauki takalmina, sai na tarar ta biyu ma ta zama gaskiya: inda na ajiye su ruwa ne ke kai da kawo. Hular kaɗai wani ya tsinto mini can gaba, ta cika da rairayi. Na koma zango da silifan aro, ɗaya shuɗi ɗaya ja.

Ina ganin na dawo hannu wofi ke nan, sai Allah ya kawo mini Hajiya Laraba. Muna shiga, Labbo ya juye kifinsa gaba ɗaya a gabanta, ya wuce ya yi alwala. Ta bi shi da kallo tana girgiza kai.

"Ka gani? Bai canja ba. Haka yake yi wa tsohuwarmu."

Na matso da kujera. Na ce, "Hajiya, wane irin yaro na shi? Ki hwaɗa min gaskiya, ni ɗan'uwanai na."

Ta ce, "Kuka. Kullum magariba sai ya hau tudun can ya juya wa teku baya, ya fuskanci arewa yana kuka, wai Arzika na can na cin tuwo da Baba. Ashe kai ne Arzikan. Ga shi da riƙo. Yaran zango in sun ja igiya, a nan bakin ruwa suke gasa rabonsu su cinye. Shi ko ɗaya ba ya ci. Ya kawo wa tsohuwa ta banda masa, ya ƙulle a tsumma ya rataye. Gidanmu lokacin mu goma sha ne a kan tukunya, babanmu ba wani mai hali ba ne, abin da ya samu ke nan, ƙanzo da ruwan miya. A ce masa ci kifinka, ya ce a'a. Tafinsa duk ya fashe, tsohuwa na shafa masa man kaɗe."

Ku ji irin kaina. Wata magana na shiga kunnen mai hankali ta zauna, ni abin da na tsinta a ciki biyu ne: Sarkin Teku ragon kuka ne, kuma marowaci ne. Daɗi ya kama ni har na manta da takalmi. Na ci ƙaguwa a daren nan, ƙafa ɗaya.

Dawowa ba abin labari. Na cika gorar fura da ruwan teku don shaida, ta zube a buhun garin wani mutum wajen Kandi, muka rabu ba daɗi. Labbo ya riƙo ƙullin bandarsa a cinya tun daga can har Shagari, bai yarda a sa a but ɗin mota ba.

Ranar da muka fito majalisa, gindin dalbejiya ya cika. Liman na nan, mai shayi ya rufe tebur ya zo, jikokina da nasa sun zauna a gaba. Kulu ma na ji motsinta a bayan katanga. Aka ce Baba Arzika ya ba da labari. Na gyara zama, na yi gyaran murya irin ta masu wa'azi.

Na ce teku dai akwai shi, ba laifi, yana da ɗan faɗi. Na wuce maganar takalmi da sauri. Sannan na ce, "Amma jama'a, ku san wa kuka zama kuna saurare shekara da shekaru. Can sunanai Ɗan-kuka." Aka fashe da dariya. Na ba da labarin tudu da magariba, na kwaikwayi kukan. Na ba da labarin rowa, yaro ya ja igiya wuni guda ya hana cikinsa. Yara na ta kallon Labbo suna rufe baki. Na ji tabarmata na cika tun ba a tashi ba.

Da na tsaya nan da na ci. Amma abin da ke cikina tun ina riƙe da kalme ya taso, na kasa haɗiye shi. Na nuna shi da carbi na ce, "Wanga shi na Baba yaz zaɓa. Allah shi jiƙan Baba, amma nan ya yi son kai. Ga ɗanai na cikinai, jarumi, ya bar shi cikin ciyawa, yak kwashi ragon kuka yat tura shi hutu bakin teku, shekara bisa shekara. Ni mi nay yi mai?"

Duk wannan lokaci Labbo na zaune yana ɓare goro, bai ɗaga kai ba. Ya gama, ya jefa rabi a baki, ya miƙa wa Liman rabi. Sannan ya dube ni, ba fushi, kamar yadda ya dube ni a bakin igiya. Abin da ya faɗa ke nan, kuma na sa biro na jira amsa ta zo mini in rubuta a ƙasansa, har yau ba ta zo ba:

"Kihin da kaka ci kana hararata, ka zaci Baba bai san ladan igiya na ba? Arzika, kai ma ka san kiwo. In damana ta yi tsakiya, rumbu ya yi ƙasa, wace akuya aka hiddawa gida: wadda mai gida ka so, ko wadda shika iya rabuwa da ita?"